Suna a Gefen Koren Akwati

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da zan ɗora maka karatun doguwar takarda, ga aiki ya yi maka yawa. Na so in kira ka a waya, sai na tuna a waya ba ka barina in kai ƙarshen zance, kafin in gama gaisuwa ka sa ni dariya na manta abin da ya kawo ni. Ina fata kana lafiya, da maiɗakinka da yara. Mu nan alhamdu lillahi. Maigidan ƙafarsa ta yi sauƙi, har yana hawa bene ba tare da ya tsaya ya yi wa matakala faɗa ba. Inna tana gaishe ka, ta ce ko da kakanni ne suka haɗa mu, ita ba ta san wani nisa ba, ka daina yi mata rowar murya.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san gidan wankin da nake aiki, inda muke wanke zannuwan gado da tawul na otal-otal. A ƙarshen bara aka sa mu duka muka yi kwas ɗin taimakon gaggawa. Rabinsa a waya aka yi, bidiyo ne darasi-darasi, kowa ya kalla lokacin da ya samu sarari, sannan ya amsa tambayoyi. Ɗaya rabin kuma yini guda aka tara mu a ɗakin cin abinci, aka ture tebura gefe, wani malami ya zo da mutum-mutumin roba muka danna ƙirjinsa, muka ɗaure wa juna bandeji. Aka ba mu takardar shaida. An ce ni na fi kowa maki a tambayoyin waya. Ban faɗa don yabon kai ba, sai don ka gane inda maganar ta samo asali.

Yanzu shugabar sashenmu ta kira ni, ta ce za a liƙa suna da hoton mutum ɗaya a bango, gefen koren akwatin magani, domin duk wanda ya ji ciwo a aikin safe a san wanda za a ruga a kira. Ta ce nawa take so a sa. Tana jiran amsata kafin ƙarshen watan gobe, lokacin da masu duba lafiyar ma'aikata za su zo.

Da a makon da muka gama kwas ta tambaye ni, da na ce to. Amma kwanakin baya wani abu ya faru. Akwai abokiyar aikina da muke kira Amarya, ko da yake babban ɗanta ya kusa gama sakandare. Tururin injin guga ya buge ta a bayan hannu. Ta yi ƙara, kowa ya juyo yana kallona, don sun san labarin makin nan. Dogo, na san darasin ƙuna sarai. Amma ka san abin da ya taso mini? "Barkanmu da sake saduwa a darasi na huɗu. A darasin da ya gabata mun ga yadda ake..." Muryar matar cikin bidiyon ce, tun daga gaisuwarta. Ni ban cika kallon bidiyon ba, abin sauraro nake sawa a kunne ina ninke zannuwa, ina ji ina maimaitawa, har ya zauna mini yadda karatu yake zama a makarantar allo. Ashe daga farko ya zauna, kuma daga farko yake son fitowa. Ina tsaye ina bin sa a zuci da sauri, na wuce ire-iren ƙuna, na wuce ta wutar lantarki. Kafin in iso inda ake cewa a tara wurin a famfo, ruwa mai sanyi yana zuba har minti ashirin, Mai Tururi, wato matar da ke kula da babban injin, ta riga ta ciro man goge baki daga jakarta ta lafta mata. Sai a lokacin na ce, "A'a, famfo." Muka wanke man, muka zare mata zobe, muka tsayar da ita a bakin famfo. Hannun ya warke, ɗan tabo ne ya rage. Yanzu duk inda ta gan ni sai ta ce, "Malama, mun kai darasi na nawa?"

Suna dariya ina taya su, amma abin ya ƙi barin raina, kuma ba tsoro kaɗai ba ne, har da mamaki. Kai ka yi irin wannan kwas a ma'aikatarku ta kwanon rufi, na ji ka ce ana sabunta muku. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, bayan wata shida ko shekara, me yake saura a kan mutum? Na waya ne yake fara tafiya ko na hannu? Kuma wadda iliminta sai ya biyo layi kafin ya fito, ya dace ta bari a sa sunanta a bango? Ni amana na ɗauke shi. Ranar da aka rugo wurina, an bar wani ke nan ba a ruga wurinsa ba.

Yayarka,
Malama

*

Yaya Malama,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni a bakin sito ina cin abincin rana, na yi dariya har Baba Mai Lodi ya leƙo yana tambaya ko an ba mu hutu ne. Lafiya lau muke. Maiɗakina tana gaishe ki, ta ce ita tana bayan man goge baki, mun yi musu har shayina ya huce. Ki ce wa Inna zan kira ta, ta tanadi faɗanta ya yi kauri.

Yaya, ke matsalarki in kin sami ƙaramin abu sai kin gina masa ɗaki da falo. Ni sau uku na yi kwas ɗin nan. Sunana yana bangonmu har hoton ya koɗe, kuma ban taɓa rasa barci a kansa ba. Bari in ba ki sirrin kyauta: ba haddace shi ake yi ba. Ai don kada a haddace aka sa shi a waya. Yana cikin waya, waya tana aljihu. Abu ya faru, ka ciro, ka danna, ka bi abin da aka ce. Ni mai kula da sito ne, na san wannan aikin. Ba sai ka riƙe kowace ƙusa a kanka ba, ka dai san kantar da aka ajiye ta.

Kin tambayi wanne yake fara tafiya. Na waya mana. Kafin a gama buga takardar shaida ya yi sallama. Na hannu ya fi shi kunya, yana ɗan jimawa. Har yau in na ga katifa a jingine sai in ji tafin hannuna yana so ya danna ta.

Amma tunda kin ce tsakanina da Allah, to ranar da na yanke jiki na faɗi, ina roƙon kada ya zama ke ce a kusa. Kafin ki yi mini sallama, ki tambayi iyali, ki nemi afuwar taɓa ni, sannan ki ɗauko daga darasi na ɗaya, ai maƙwabta sun gama raba takalmana.

Ki daina wahalar da kanki. Ki yi abin da ya fi sauƙi, ki huta. A gaishe mini da maigidan, ki ce masa ya yafe wa matakala.

Ƙanenki,
Dogo

*

Zuwa ga Dogo,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya. Mu ma lafiya, sai mura da ta zaga gidan, ta fara da ni ta ƙare a kan Inna, yanzu duk mun miƙe.

Na karanta takardarka na sake karantawa. Na gode da ka faɗa mini gaskiya, ko da a cikin wasa ka naɗe ta. Idan ɗan'uwana da ya san ni tun ina yarinya ba zai so in kasance kusa da shi ranar da ya faɗi ba, ban ga dalilin da zan ɗora kaina a kan 'ya'yan mutane ba. Ban yi fushi ba, kada ka ɗauka haka. Na je na sami shugaba na ce mata ina ganin a nemi wani. Ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Malama, in ba ke ba, akawu ne, shi ke bin ki a maki." Akawun mutumin kirki ne, sai dai ofishinsa yana hawa na sama, kuma rabin safiya ba ya nan, yana wajen aike-aiken ofis. Ta ce ba ta karɓi amsar ba, in je in sake tunani, akwai sauran lokaci.

To ni kuma maganarka ta cewa na waya ke fara tafiya ta sa mini ƙaiƙayi. Sai na shiga bin abokan aiki a lokacin shan shayi, ina tambayar kowa abin da ya rage masa. Dogo, abin da na gani ya fi ƙarfin dariya.

Mai Tururi ba ta riƙe kalma ɗaya daga bidiyo ba. Amma da na ajiye mata ƙunshin tawul a ƙasa, nan take ta durƙusa, ta ɗora hannu kan hannu, ta miƙe gwiwar hannu, ta fara dannawa kamar jiya aka koya mata. Na ce sau nawa ake yi kafin a hura numfashi? Ta ce, "Har sai na gaji." Na ce talatin ne. Ta ce, "To ke ki ƙirga, ni in danna."

Amarya ita aka kwantar a ƙasa ranar da malamin ya zo, da ita aka nuna yadda ake juya wanda ya suma ya kwanta a gefensa. Ta san inda gwiwa take zuwa, ta san hannun da ake sawa ƙarƙashin kumatu, ta ce har yanzu tana jin sanyin simintin a kafaɗarta. Abin da aka yi a jikinta duk yana nan. Abin da aka yi a jikin wasu tana kallo, babu ko ɗaya.

Direbanmu ya ce shi ya tuna matar cikin bidiyon tana da shuɗiyar riga da babban agogo. Na ce sai me? Ya ce, "Sai ta yi ta magana." Ashe kunna bidiyon yake yi ya kife wayar a kujerar gefe, in ya ji shiru ya danna na gaba.

Wanda ya fi ba ni mamaki maigadi ne. Shi ya riƙe da yawa, kuma da ƙarfin zuciya yake faɗa. Ya ce mai farfaɗiya ana sa masa cokali a baki. Na ce ina ka ji? Ya ce a waya ya gani da idonsa, rubuce. Na yi ta juya abin, sai na gane. A tambayoyin ana jera amsa huɗu, uku na kuskure, ɗaya daidai. Cokalin yana cikin na kuskuren. Ya gan shi a rubuce, wata shida suka wuce, jan layin da aka yi a kansa ya goge, rubutun ya tsaya. Ka taɓa tunanin tambaya za ta iya koya wa mutum kuskure? Ni ban taɓa ba. Na gyara masa, ya ce ya ji, amma ban tabbata wanne zai zauna ba, nawa ko na wayar.

Ka ga dai kowa da guntunsa, babu mai cikakke, har da ni. Shi ya sa zan roƙe ka wani abu, kada ka ce na raina ka. Ka ajiye wayarka a wani ɗaki, ka zauna da biro, ka rubuto mini abin da ake yi wa wanda jini yake zuba daga hannunsa ba tsayawa, daga farko har motar asibiti ta iso. Ba jarrabawa ba ce. So nake in ga ko wanda ya yi sau uku ya bambanta da mu da muka yi sau ɗaya. In ya bambanta, sai in gaya wa shugaba a jira in sake yi tukuna.

Yayarka,
Malama

*

Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya. Mu nan lafiya lau.

Shirun ya yi yawa. Na kira wayarka ba ta shiga. Na kira ta maiɗakinka, ta ce kana lafiya, kana wurin aiki, amma muryarta ba irin wadda na sani ba ce, kuma ban so in matsa mata ba.

Na zauna na tuna abin da na rubuta maka, na ga inda na yi kuskure. Mutum da girmansa, da sunansa a bango, na ce ya ajiye waya ya rubuto mini amsa kamar ɗan makaranta. Ka yafe mini. Son sanin abu ne ya ja ni, wani lokaci yana sa in manta ladabi. Ka bar zancen tambayar, na janye ta.

Shugaba ta sake tare ni jiya a bakin injin busarwa. An riga an kawo firam ɗin da za a sa hoton, yana jingine a kan akwatin, babu kowa a ciki. Duk wanda ya wuce sai ya leƙa fuskarsa ta gilashin. Ta ce mako mai zuwa za ta kai suna wajen manya, nawa ko na akawu. Na ce mata kusan na gama yanke shawara, a sa nasa.

Ba amsar wancan nake nema ba yanzu. Layi biyu sun isa, in san ba ka riƙe ni a rai ba.

Yayarka,
Malama

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, yara ma haka. Ban riƙe ki da komai ba. Wayata ce ta mutu, kuma ni ne na ce wa maiɗakina kada ta faɗa miki komai sai na rubuto da kaina. Na ɗauki biro ya fi a ƙirga, sai in ga ban iya rubuta miki takarda babu wasa a ciki ba, ga shi wasan ya ƙi zuwa.

Takardarki mai tambayar tana aljihuna, ina shirin in zauna ranar hutu in ba ki amsar da za ta rufe miki baki. Ba a kai ranar hutun ba. Muna loda kwano a babbar mota da hantsi, igiya ta kwance, falle ɗaya ya zamo ya yanki Baba Mai Lodi a hannu, ƙasa da gwiwar hannu. Ban taɓa ganin jini yana fita haka ba. Sunana suka kira, Yaya. Duk filin, sunana.

Abin da ya faru ke nan, tunda kina son sani. Ban yi tunani ba, na tsinci kaina a durƙushe, na cire rigata na dunƙule na danne wurin. Wannan hannuna ne ya yi, ba ni ba. Daga nan komai ya tsaya. Rigar ta jiƙe sharkaf. In cire ta in sa wata, ko in ƙara wata a kai? Ban sani ba. Baba yana cewa a ba shi ruwa, wani har ya kawo. A ba shi ko kada a ba shi? Wani yana cewa a ɗaure da wayar ƙarfe. Kowa yana kallon bakina.

Na sa hannun hagu na ciro waya. Ta ƙi karɓar yatsana saboda jini. Na goge a wando, ta ƙi. Na danna lambobi, na yi kuskure, na sake. Da ta buɗe, sai kwas ɗin ya ce in shigar da kalmar sirri, wadda rabona da ita tun ranar da na gama. Ina wannan fama hannun dama ya sassauta ban sani ba. Har na ɗaga rigar in duba, jinin ya sake ɓallewa. Sai na yi jifa da wayar, na ce wa direba ya kira motar asibiti da tasa, na sa hannu biyu na danne, na ce a miƙo duk tsumman da ke kusa. Ruwan kuwa na hana, ba don na tuna ba, don dai ba ni da hannun karɓa. Haka muka zauna ni da Baba, yana kallona ina kallonsa, yana cewa, "Dogo, kada ka saki." Na ce ba zan saki ba.

Yana raye. An yi masa ɗinki, an ƙara masa jini. Yatsu biyu har yanzu ba ya jin su sosai, likita ya ce a ba su lokaci. Ma'aikaciyar jinya ta ce dannewar ce ta taimake shi, ta kuma ce da ban ɗaga rigar ba da ya fi. A hankali ta faɗa, amma na ji.

Sai kuma maganar da na rubuta miki. Da na ce ki yi abin da ya fi sauƙi, nufina ki ce to, a liƙa hoton, ki huta. Zancen takalma kuwa tsokana ce irin wadda na saba yi miki tun kina kai ni makaranta kina riƙe da hannuna. Ban san za ki auna ta a sikeli ba, ko da yake ya kamata in sani. To ga gaskiyar da ba a naɗe ba. A wannan filin, da a ce akwai wadda za ta tsaya a kaina tana karanto darasin jini tun daga barkanmu da sake saduwa, da na jira ta, da na gode mata. Hannu ina da shi. Wanda zai gaya wa hannun abin da zai yi na gaba ne babu.

Ban ce ki karɓa ba, ban ce ki bari ba, na daina ba da sirri kyauta. Amma kada ki bari saboda ni.

Dogo

*

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da jin lafiyarka. Allah ya ba Baba Mai Lodi lafiya, ya mayar masa da yatsunsa. Ka gaishe shi, ka ce wata yayarka da bai sani ba tana yi masa addu'a. Kai ma sannu. Na gaya wa Inna, ta ce ta ɗage faɗan sai wani lokaci. Mu nan kowa lafiya.

A ɗakin ninke kaya na buɗe takardarka, ina tsaye. Da na zo inda ka ce, in cire ta ko in ƙara wata a kai, sai na ji bakina ya ce da ƙarfi, "Ƙara a kai, kada ka cire, kada ka ɗaga." Amarya ta juyo ta ce, "Da wa kike?" Na ci gaba da karatu, na zo wurin ruwan, bakina ya sake cewa, "Kada a ba shi, a kwantar da shi a lulluɓe shi da bargo." Dogo, babu gaisuwa, babu darasin da ya gabata. Kai tsaye ya fito.

Na zauna a kan buhun tawul ina mamaki. Sai na tuna Malaminmu na allo, Allah ya jiƙansa. Shi ba ya yarda da haddar da sai an faro daga kan sura. Kana zaune ba ka shirya ba, sai ya tsinko aya daga tsakiya ya ce ci gaba. Da farko kowa yana komawa baya a zuci ya biyo, har ya zama ko daga ina aka taɓa, nan yake tashi. Ni na yi haddar bidiyon, amma babu wanda ya taɓa tsinko mini daga tsakiya. Ranar Amarya ba tambaya aka yi mini ba, kallona aka yi. Kai ne ka fara tambayata, kuma ba da niyya ba.

Sai na roƙi mutanenmu alfarma. Na ce duk wanda ya gan ni, ko ina tsakiyar aiki, ya jefo mini abu ɗaya ba sallama. Sun karɓi aikin fiye da yadda na so. Ina ɗauke da kwando sai in ji daga bayan inji, "Malama, abinci ya shaƙe ni." Ina alwala maigadi ya leƙo, "Na taka ƙusa." Mai Tururi kuma na ce ita ta riƙa kama ni da aikin hannu, kullum kafin a kunna injuna mu durƙusa kan ƙunshin tawul, tana gyara mini kafaɗa, ina yi mata ƙirga. Ta ce hannuna kamar mai shafa kan jariri, in danna kamar ina jin haushin tawul ɗin.

Shekaranjiya direba ya wuce gona da iri. Ya shigo da kaya, sai ya yanke jiki ya faɗi a ƙasa tsakanin kwanduna, ya rufe ido. Ban san wasa ba ne. Na ga dai na durƙusa, na bubbuga kafaɗarsa ina kiransa, na nuna Amarya na ce ta kira motar asibiti, na ɗaga haɓarsa na kai kunnena bakinsa ina duban ƙirji. Sai na ji yana ƙunshe dariya. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa kowa ba a gidan nan, har shugaba ta fito. Da na zo tashi gwiwata ta ƙi, shi majinyacin ne ya miƙe ya ɗaga ni.

Ba zan ɓoye maka ba, ba kullum yake fitowa daidai ba. Wani lokaci matar bidiyon tana riga ni, in ji ta fara gaisuwa, sai in ce mata a zuci ta dakata. Ranar da maigadi ya jefo mini zancen sinadarin wanki da ya fallatsa a ido, sai da na koma baya na biyo. Kuma ban san yadda zan kasance gaban jini na gaske ba, tawul ba ya kallon mutum ya ce kada ka saki. Duk wannan na faɗa wa shugaba, ban rage komai ba. Ta saurara har na gama, ta ce, "To akawu ya taɓa zuwa ya gaya mini abin da bai iya ba?" Na ce ban sani ba, kuma ba na son a yi da shi ba ya nan. Ta ce, "Amsa nake jira."

Na ce to. Na roƙi abu biyu, ta yarda da su: a rubuta sunan Mai Tururi a ƙarƙashin nawa, kuma a bar mana ɗan lokacin nan na safe, kada a ce muna ɓata aiki. Jiya aka sa hoton. Na fito kamar wadda aka kama da laifi, Amarya ta ce haka ya fi, masu ciwo za su ji tausayina su warke da wuri. In na wuce ta wurin gabana yana ɗan faɗuwa, kuma ina ganin gara ya ci gaba da faɗuwar.

Kai kuma ban yarda ka sa a cire naka ba, in har tunanin ya zo maka. Hannun da ya danne bai saki ba har mota ta iso, ba a cire sunansa daga bango. Abokin bita kawai ka rasa, ga shi ka samu, ko kana so ko ba ka so. Ga naka na farko, kuma tunda wayar ta mutu ba sai na ce ka ajiye ta ba: mutum yana cin abinci a bakin sito, ya miƙe ya kama wuyansa, ba ya tari, ba ya magana. Me za ka fara yi? In ka manta, ka rubuta cewa ka manta, wannan ma amsa ce. Sannan ka tsinko mini nawa daga inda ka ga dama, mai wuya, kada ka ji tausayina.

Don Allah ka ba ni amsa da wuri, ka haɗa da labarin yatsun Baba.

Yayarka,
Malama